Isnadin Likita: Sharhi Kan Tsara Manazarta a Mujallun Kiwon Lafiya

Duk wanda ya shiga PubMed, wato rumbun intanet da Babban Laburaren Likitanci na Amurka ke tara bayanan maƙalun kiwon lafiya, ya rubuta Birnin Kudu a gurbin bincike, zai ga maƙalu sun jeru masa. Akasarinsu daga asibitin tarayya na garin suka fito, wanda kowa ke kira FMC, kuma abin da suka fi taɓawa shi ne abin da ya fi damun mutanen yankin: awon ciki, haihuwa a gida, jijjigar masu juna biyu, cututtukan ƙananan yara. Matan da aka ƙirga a jadawalin waɗannan maƙalu namu ne, daga cikin gari da ƙauyukansa, daga Gwaram da Buji, wasu ma daga tsallaken iyaka a jihar Bauchi. Garin da aka sani da zanen duwatsun Habude da Mesa da tsohuwar kwalejin gwamnati ya yi wani suna na daban a wurin likitocin da ba su taɓa taka Jigawa ba, kuma rubutu ne ya kai sunan.

A ƙarshen kowace maƙala akwai jerin layuka masu lamba da ƙananan haruffa, ashirin ko talatin ko fiye. Su ne manazarta, ko rafarans kamar yadda ake faɗa a asibiti. Tambayi likita mai neman ƙwarewa ina aka kwana a aikinsa, sai ya ce maka, "Ai na gama, saura rafarans kawai." Ɗalibar makarantar koyon jinya ma haka za ta ce game da furojet ɗinta, kuma sau da yawa mai shagon kwamfuta ake bar wa wannan ɓangaren ya daidaita a daren da za a kai wa sufabaiza. A nan ne nake ganin muke yin sakaci mai tsada. Wannan jerin shi ne kaɗai hanyar da mai karatu yake da ita ta bin diddigin abin da aka gaya masa, kuma a fagen da magana ɗaya kan sa a ƙara wa mara lafiya magani ko a rage masa, hanyar bin diddigi ba abin wasa ba ce.

Mu da muka tashi a gaban malaman zaure bai kamata abin ya zama baƙo gare mu ba. Malamin hadisi ba ya karɓar magana sai ya ji wane ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma daga wa, har zuwa tushe. Hadisan Sahihul Bukhari da isnadinsu suke tafe. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gabansu. Malaman nan ma sun ba wani laifi suna, tadlisi, wato mutum ya ruwaito magana da lafazin da zai sa a ɗauka ya ji ta daga bakin wane, alhali ta hannun wani ya same ta ya ɓoye shi. Marubucin da ya ga an ambaci wata maƙala a cikin wata, ya kwafe layin ya sa a jerinsa ba tare da ya buɗe ta ba, abin da ya yi ke nan. Kuma wannan ne laifin da ya fi yawa a rubuce-rubucenmu, ya fi kuskuren aya da waƙafi nesa ba kusa ba.

Tsarin da akasarin mujallun likitanci ke bi ana ce masa Vancouver, saboda a wannan birni na Kanada ne wasu editocin manyan mujallu suka zauna a 1978 don su daidaita yadda za a riƙa aiko musu da maƙala. Kafin nan kowace mujalla da nata salon, wanda aka ƙi aikinsa a nan sai ya sake buga komai da tafireta kafin ya gwada can. Ƙa'idojinsu sun fara fitowa a 1979, kwamitin ya zama abin da yanzu ake kira ICMJE, kuma har yau yana sabunta su. Dalla-dallar yadda ake rubuta kowane layi kuwa, laburaren nan na Amurka ne ke riƙe da shi a littafinsa Citing Medicine, wanda ake karantawa kyauta a intanet.

Yadda abin yake a aikace shi ne, duk inda ka kafa hujja da aikin wani a cikin rubutunka sai ka sa lamba. Aikin da ka fara ambata shi ne 1, na biye 2, haka har ƙarshe. In ka koma kan aikin farko a shafi na goma, lambarsa tana nan 1, ba a ba shi sabuwa. Jerin ƙarshe kuma bin waɗannan lambobi yake yi, ba bin haruffan sunaye ba. Amfanin wannan a fili yake: jimla ba ta cika da sunaye da shekaru, likitan da ke karatu tsakanin mara lafiya da mara lafiya idonsa na gudu. Haɗarinsa ma a fili yake. Sufabaiza ya ce a ƙara sakin layi ɗaya a gabatarwa mai sababbin madogara biyu, shi ke nan duk lambobin da ke ƙasa sun gusa. Wanda yake yi da hannu, in ya manta da guri ɗaya, sai ka tarar jimlar da ke magana kan ƙarancin jini ga mai ciki tana nuna maƙalar da ke kan cizon maciji.

Shi layin kansa ga yadda yake tafiya. Sunan ƙarshe na marubuci, sai haruffan farko na sauran sunayensa ba tare da aya a tsakani ba. In marubutan sun wuce shida, a kawo shidan farko a rufe da et al., ma'ana da sauransu. Sai taken maƙala, sai sunan mujalla a taƙaice, kuma taƙaitawar ba ta ganin dama ba ce, akwai wadda laburaren ya tsayar wa kowace mujalla, gadon Index Medicus da John Shaw Billings ya fara fitarwa a 1879. Sai shekara, waƙafi mai ruwa, juzu'i, lambar fitowa a cikin baka biyu, ruwa biyu, shafuka. Ga wutsiyar wani layi da ya shahara, na Porter J da Jick H: N Engl J Med. 1980;302(2):123.

A dubi lambar ƙarshen nan da kyau. Shafi na 123, shi kaɗai, babu karan ɗori, babu shafin ƙarewa. Duk wanda ya saba karanta manazarta, da ganin haka ya san wannan ba cikakken bincike ba ne, domin bincike ba ya ƙarewa a shafi guda. Wasiƙa ce ga edita mai jimla biyar. Jane Porter da Hershel Jick na Boston sun duba bayanan marasa lafiya da aka kwantar a asibiti, suka ce cikin 11,882 da aka ba maganin kashe zafi dangin mofin, huɗu kacal aka samu shaidar sun kamu da jarabarsa. Mutane ne a kan gado, nas ce ke ba su maganin da awo, na ɗan lokaci. Wasiƙar ba ta ce komai ba a kan mai ciwon baya da za a rubuta wa ƙwayoyi ya tafi gida yana sha wata da watanni.

Amma haka aka yi ta amfani da ita. A 2017 wasu masu bincike na Toronto suka bi duk inda aka ambace ta, suka samu maƙalu 608. Kashi 72 cikin 100 sun kafa hujja da ita cewa jarabar irin wannan magani ba kasafai take faruwa ba, kuma kusan kashi 81 ba su ko ambaci cewa marasa lafiyan a kwance suke a asibiti ba. Ambaton ya yi tashin gwauron zabo ne bayan fitowar ƙwayar kashe zafi ta OxyContin a tsakiyar shekarun 1990, kuma kowa ya san irin rayukan da annobar waɗannan ƙwayoyi ta ci a Amurka. Ba wasiƙar ce kaɗai ta jawo ba, amma an yi ta daka mata kaya, wane ya kwafa daga wane, har ta zama kamar gaskiyar da ba ta buƙatar dubawa. Mu da muka ga abin da kodin da taramol suka yi wa matasanmu, har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, ba sai an yi mana dogon bayani kan nauyin irin wannan kuskure ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, layin manazartar bai yi ƙarya ba. Ya faɗa ƙarara cewa shafi ɗaya ne. Masu kwafa ne ba su tsaya sun karanta shi ba, balle su buɗe wasiƙar.

Kwatanta wannan da aikin Farfesa Kelsey Harrison a Zariya, wanda ya bi haihuwa 22,774 a jere a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1976 zuwa 1979. An buga shi a 1985 a matsayin ƙarin fitowa ta musamman ta mujallar likitocin mata ta Birtaniya, daga shafi na 1 zuwa 119. Tun daga layin ka san ka zo gaban babban aiki. Shi ne ya nuna da alƙaluma irin bambancin da ke tsakanin matar da ta yi awo da wadda aka kawo a gigice bayan naƙuda ta yi kwanaki, da kuma abin da rashin karatu da haihuwar wuri ke jawowa. Duk mai rubutu kan mutuwar mata wajen haihuwa a Birnin Kudu ko Gwaram yana da buƙatar ya san shi, kuma ya karanta shi da kansa.

Haka nan aikin Garki. A nan cikin Jigawa, daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro da aka taɓa yi a Afirka, da feshin gidaje da raba magani ga ƙauyuka baki ɗaya. Cutar ta ragu sosai amma ba ta yanke ba, kuma masu lissafin yaɗuwarta a duniya har yanzu suna komawa kan alƙaluman. Molineaux da Gramiccia suka tattara sakamakon a littafi a 1980. Littafi kuwa tsarinsa daban: bayan marubuta da take, sai garin da aka buga, sai mawallafa, sai shekara, in kuma wata magana ce takamaimai ka ɗauko, ka faɗi shafin. Mai neman wannan aiki ya tuna cewa a lokacin Garki a jihar Kano take, domin sai 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. Duk abin da aka rubuta kan Birnin Kudu da Gwaram da Haɗeja kafin wannan shekara, da sunan Kano zai same shi. Ɗalibai da yawa kan rubuta cewa ba a taɓa yin bincike a yankinsu ba, alhali da sunan jihar da ba ta wanzu ba a lokacin suka nema.

Na san akwai masu ganin magana kan tsofaffin ayyuka ɓata lokaci ne, domin wasu malamai kan ce kada a kawo abin da ya wuce shekara biyar ko goma. Dokar tana da dalili a wajen magani da hanyar jinya, tunda suna canjawa. Amma in aka mai da ita ta kowa da komai, sai ta tura ɗalibi ya ambaci maƙalar bara wadda ita ma daga Harrison ta kwaso, ya bar tushen. An koma gidan jiya ke nan.

Kurakuran iri biyu ne. Akwai na adireshi: an karkata suna, an sa 2013 maimakon 2003, an juya lambar juzu'i. Wannan kamar a yi wa baƙo kwatancen gida ne a ce ya sha kwana dama alhali hagu ne, gidan yana nan amma ba zai same shi ba. Akwai kuma na ma'ana, inda adireshin daidai ne amma maƙalar ba ta faɗi abin da aka jingina mata ba. Jergas da Baethge sun tattara binciken da aka yi kan wannan na biyun suka buga a 2015, suka samu cewa kusan ɗaya cikin kowane ambato huɗu a mujallun likitanci yana da matsala, babba ko ƙarama. Wannan lissafi na duniya ne, har da manyan mujallu masu ma'aikatan da ba su da aiki sai duba manazarta.

A wajenmu kuskuren ma'ana ya fi ɓuya a wurare biyu. Na farko shi ne sakin layin da ke bayanin wurin da aka yi bincike. Kusan kowane furojet zai ce ƙaramar hukumar tana da mutum kaza, akasarinsu Hausawa da Fulani manoma, sai lamba. Ka bi lambar, sai ka tarar wata maƙala ce, ita ma wata ta nuna. Tushen duka ƙidayar 2006 ce, wadda ta ba Jigawa mutum miliyan 4.3 da ɗoriya, ta ba ƙaramar hukumar Birnin Kudu sama da 300,000. Babu laifi a yi amfani da ita, amma a faɗi shekararta, a ambaci Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a matsayin marubuciya, in kuma hasashe aka yi zuwa bana a faɗi yadda aka yi shi. Jaririn da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu ya isa aure. Na biyu shi ne alƙaluman mutuwar mata masu juna biyu. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ya ba da 545 cikin kowace haihuwa 100,000 a 2008, ya ba da 576 a 2013, sai 512 a 2018. Duka na Nijeriya ne baki ɗaya, Legas da Gwaram a tukunya ɗaya. Wanda ya ɗauki 512 ya rubuta shi kamar halin da ake ciki a Sara ko Basirka ko Farin Dutse, ya sa lamba daidai a ƙarshen jimlar, tsarinsa ya yi kyau amma ya zalunci matan da yake magana a kansu.

Sai batun sunaye, wanda namu ne mu kaɗai za mu gyara. An gina tsarin Vancouver ne a kan al'adar da kowane gida yake da sunan dangi guda da ake gada. Bahaushe kuwa sunansa ne, sai na mahaifi, sai sau da yawa sunan gari. A ce marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta maƙala, na'ura za ta mai da shi Balewa AT, ta raba sunan gari ɗaya gida biyu, ta kuma yar da lanƙwasar harafin. Likitan da ke rufe sunansa da Birnin Kudu yana iya wayar gari ya ga an shigar da shi a matsayin Kudu. Wanda yau ya sa sunan mahaifinsa a ƙarshe, gobe ya sa Gwaram, jibi ya juya su, ya zama mutum uku a rumbun bayanai, kowanne da 'yan maƙalu biyu. Ga kuma cunkoso: masu suna Ibrahim A ko Abdullahi M a PubMed ba sa ƙirguwa. Mata kuma da yawa sun fara bugawa da sunan mahaifi, suka koma na miji. Ranar neman ƙarin girma ko tallafin bincike ne mutum zai gane asarar, lokacin da aka nemi aikinsa aka samu sulusi. Maganin ba shi da wuya. Mutum ya zaɓi siga ɗaya tun maƙalarsa ta farko ya tsaya a kai, in sunan garin kalma biyu ne ya haɗa su da karan ɗori, ya kuma yi rajistar ORCID, lambar shaida ta marubuta da aka fara bayarwa kyauta tun 2012. Shi ma sunan asibiti a rubuta shi iri ɗaya kullum. Haka kuma in za ka ambaci ɗan'uwanka, rubuta sunansa yadda ya fito a maƙalar, ko da ka san a gida ba haka ake kiransa ba.

Ba duka laifin ne na marubuta ba. Mujallun da suka ce suna bin Vancouver, kowace da ɗan nata ƙarin gishiri. Wannan tana son lambar ta ɗan hau sama, waccan a baka mai kusurwa. Wannan kafin aya, waccan bayanta. Salon ƙungiyar likitocin Amurka, in marubuta sun wuce shida, uku kawai yake kawowa. Ɗaliban jinya da ungozoma kuma galibi da salon APA ake horar da su, mai sa suna da shekara a cikin rubutu da jera manazarta bisa haruffa, sai nas ta zo buga aikinta a mujallar likitoci ta tarar dole ta sake komai. Likitan da ke shirya kundin kammala ƙwarewa na Kwalejin Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko na kwalejojin Afirka ta Yamma, shi ma yana da nasa littafin ƙa'idoji. A asibitin da likita ɗaya ke ganin layin da ya kamata mutum uku su gani, a ce an dawo masa da maƙala saboda wurin zaman waƙafi, wannan ɓarnar lokaci ce da editoci ya kamata su ji kunyarta. Wasu mujallun waje sun fara karɓar maƙala da kowane salo a aikowar farko, sai an amince da ita a daidaita. Ina ganin mujallunmu, irin su Annals of African Medicine da Sahel Medical Journal na Sakkwato da Nigerian Journal of Basic and Clinical Sciences ta Kano, su ne suka fi cancantar su yi wa marubutansu wannan sauƙi, domin sun san halin da ake aiki a ciki.

Kafin nan dai akwai abin da ke ɗauke rabin wahalar. Manhajar Zotero kyauta ce tun fitowarta a 2006. Ka ba ta lambar DOI ta maƙala, wato lambar dindindin da ke kai ka gare ta ko shafin mujallar ya canja, ko lambarta ta PubMed, sai ta jawo sauran bayanan da kanta. Tana zama cikin Word, tana gyara lambobi duk lokacin da aka ƙara ko aka cire, tana juya APA zuwa Vancouver da dannawa ɗaya, kuma abin da ka riga ka tara yana aiki ko babu sabis, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a Gwaram. Akwai Mendeley, akwai EndNote na kuɗi. Sai dai duk abin da aka zuba musu shi suke fitarwa. Sukan ɗauki Hukumar Lafiya ta Duniya kamar sunan mutum su yanka shi, kuma tsofaffin fitowar mujallunmu da ba su da DOI sai an shigar da hannu. Dole ido ya bi jerin layi-layi a ƙarshe.

Abin da na'ura ba za ta yi maka ba shi ne tantance wanda ka dogara da shi. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a Lancet, wadda ta alaƙanta wata allurar rigakafi da matsalar ƙwaƙwalwar yara bisa yara 12, an janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa. Duk da haka ana ci gaba da ambatonta. Arewa ta ɗanɗana abin da shakkar rigakafi ke jawowa tun dakatar da allurar shan-inna a 2003, don haka mu ne ya fi kamata mu yi hattara. Ƙa'idar ICMJE ta ɗora wa marubuci nauyin tabbatar da cewa babu janyayyar maƙala a jerinsa, sai fa in batun janyewar yake yi. PubMed na sa alama a kansu, Zotero ma na gargaɗi. Akwai kuma mujallun bogi masu cika akwatin imel da gayyata, su karɓi kuɗi su buga cikin mako guda babu wanda ya duba aikin. Ambatonsu ba su martabar da ba su da ita ne. Sabon abin da ya shigo kuwa shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, waɗanda in ka ce su kawo maka manazarta kan jijjiga a Jigawa suna iya tsara maka layuka masu kyan gani, da sunayen marubutan gaske da mujallar gaske da shafuka, alhali maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Tun 2023 ICMJE ta ce ba a sa irin waɗannan manhajoji a matsayin marubuta, kuma wanda ya yi amfani da su ya bayyana. Gwajin dai ɗaya ne, tsoho ne kuma: ka buɗe maƙalar ka gan ta da idonka. Gani ya kori ji.

Akwai wani gefen da ba a cika magana a kansa ba, shi ne abin da tsarin ba ya iya ɗauka. Jerin manazarta na abin da wani zai iya nema ya samu ne. Maganar da kwansaltan ya faɗa maka a zagayen ɗakin marasa lafiya ba ta shiga, sai dai a ambace ta cikin rubutu da sunansa da kwanan wata, da izininsa a rubuce. Rajistar ɗakin haihuwa bayanan bincikenka ce, wurinta sashen hanyoyin bincike. To ina za a sa abin da ungozomar gargajiya ta sani kan dalilin da ke hana mata zuwa asibiti da daddare, ko abin da ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ya lura da shi shekara ashirin kan watannin da gudawa ke tashi? Babu gurbinsu sai wani ya je ya yi binciken bisa ƙa'ida, ya rubuta, ya buga. Shi ya sa garin da ba shi da masu rubutu yake zama kamar babu shi. Birnin Kudu tana da asibitin tarayya da kwalejin jinya, don haka tana fitowa. Gwaram, mai faɗin ƙasa da ɗimbin jama'a, sau da yawa ta bakin asibitin maƙwabciyarta ake jin labarinta, wato labarin waɗanda suka samu kuɗin mota suka iso.

Kuma ba wai ba a yin aikin ba ne. Kowace shekara ɗaliban jinya a Birnin Kudu, da na fasahar lafiya a Jahun, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse suna shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi. A ɗaure furojet da baƙin bango, a ba da maki, a jera a kanta. Kundin digiri yana da tsarin ambatonsa a Vancouver, da sunan makaranta da gari da shekara, amma wa zai ambaci abin da bai san da shi ba? Sai ɗalibar baɗi ta sake yin tambayoyin da aka yi bara, ta cika jerinta da binciken Indiya da Habasha. Ambaton na waje ba aibu ba ne. Amma wanda zai yi rubutu kan saran kububuwa ya tsallake aikin David Warrell a Zariya na shekarun 1970 da na Farfesa Abdulrazaq Habib na Kano, jerinsa ya nuna bai san gidansu ba. Rumbun African Journals Online, da ke aiki tun 1998, yana ɗauke da mujallun Nijeriya da yawa waɗanda ba sa cikin PubMed, kuma nan ya kamata ɗalibinmu ya leƙa kafin ya ce babu.

Kirana ga shugabannin asibitin tarayya na Birnin Kudu da kwalejin jinya da Ma'aikatar Lafiya a Dutse shi ne su buɗe rumbu ɗaya a intanet da za a riƙa sa taken kowane furojet da kundi da aka kammala a jihar, da taƙaitaccen bayaninsa, don a iya nemansa a ambace shi. A ware yini guda a farkon kowane zango a koya wa sababbin ɗalibai da likitoci Zotero da rajistar ORCID, laburare ne ya fi dacewa da wannan aiki. Ku kuma malamai masu duba furojet, kafin ku sa hannu, ku zaɓi lamba uku daga cikin jerin, ku ce ɗalibi ya buɗe muku maƙalun a wayarsa ya nuna muku layin da ya faɗi abin da ya rubuta.